A Bayan Idon Baban Lissafi

Talata, huɗu da rabi na yamma

Ya gani. Baban Lissafi ya gan ni yau a gaban allonsa da jan alli a hannuna.

An kaɗa ƙararrawar tara, ya fita kamar kullum. Na ba shi tazarar da zai kai ɗakin malamai, sannan na faɗa ajin 'yan shekarar ƙarshe na ce kowa ya buɗe littafinsa. Ashe ya bar gilashinsa a kan tebur. Ni kuwa ko takunsa ban ji ba. Ina tsakiyar cewa, "Wannan layin da Baba ya ba ku, ku soke shi, ga yadda yake," sai na ga idanun yaran duk sun koma bakin ƙofa.

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Ya shigo, ya ɗauki gilashin ya saka, ya tsaya ya karanta allon tun daga sama har ƙasa, rubutunsa fari, nawa ja a kansa. Sannan ya ce, "Ci gaba, Malama," ya fita.

Malama. Mutumin da ya koya mini lissafi a wannan ginin, wanda tun ina 'yar aji ɗaya bai taɓa kirana da komai ba sai "'yata".

Don alheri muka yi. Na rubuta a nan kada wani ya zo ya juya mini magana.

Laraba, goma na safe

Bai shigo ɗakin malamai ba. Kofinsa na nan a kife a bakin taga.

Laraba, biyar na yamma

An yi zaman Laraba babu shi, karo na farko tun da na fara aiki a nan.

Shi ya kafa zaman nan. Duk Laraba bayan an tashi, mukan haɗa tebura, kowa ya faɗi abin da ya gagare shi a aji a wannan makon, sauran su sa baki. Ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da ka gani a kan ɗan'uwanka, a gabansa za ka faɗa. Ni kaina ya sha wanke ni tas a wurin. Akwai ranar da ya ce ina koyarwa kamar mai tsoron mota za ta tashi ta bar ta, aka yi ta dariya, na je gida na yi kuka, washegari na rage sauri. Malaman wasu makarantu har zuwa suke yi su ga yadda muke zaman.

Yau fa? Fankar ajin ƙarshe aka tattauna. Mutum goma sha wani abu, manya da gemunsu, muka zauna muka yi ta juya maganar fanka har lokaci ya cika.

Bari in rubuta yadda aka fara, tun da babu mai tambayata. Farkon zangon nan monitar ajin ta kawo mini littafinta, ta ce ta bi aikin Baba amsar ta ƙi fita. Na duba, na ga ya mayar da alamar ragewa ta tarawa. Na ce kuskuren hannu ne, kowa na yi. Bayan kwana biyu ta dawo: ya tsallake layi guda. Mako na gaba ya sake koyar da darasin da ya riga ya gama, daga farko har ƙarshe, bai lura ba. Ga jarrabawar fita na tafe.

Na kira malamar Turanci, wadda muke ce wa Anti Kamus don ba ta barin kalma ta wuce ba ta gyara ba, da malamin kimiyya, Injiniya. Muka tsaya bayan ɗakin gwaje-gwaje kamar masu shirya sata. Na ce, "Wa zai faɗa masa?" Injiniya ya kalli takalminsa. Anti Kamus ta ce, "Ke 'yar nan, bakina ba zai iya ba." Nan muka yanke: in an tashi tara, ni ko Injiniya ɗaya ya shiga ya gyara wa yara, ita kuma Anti ta riƙe Baba da hira da shayi. Muka roƙi yaran su yi shiru, suka yi, don su ma suna ƙaunarsa. A hankali duk malamai suka sani. Shi kaɗai ne bai sani ba.

Alhamis, ɗaya na rana

Ya shiga ajinsa. Na wuce ta taga, ba don leƙe ba, hanyata ce. Bai taɓa allo ba. A zaune yake yana karanta musu daga littafi, suna rubutawa. Baba da in yana koyarwa sai rigarsa ta yi fari fat da ƙurar alli har kafaɗa.

Mun haɗu a baranda. Na rusuna na ce, "Baba, ina wuni." Ya ce, "Lafiya lau, Malama, ya aiki?" Ya wuce.

Juma'a, sha ɗaya na safe

Shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya rufe ƙofa da kansa, abin da bai saba yi ba.

Ya ce, "Malama, Baba ya same ni. Ya ce ƙarshen wata zai ajiye aiki."

Na ce, "Yallaɓai, don alheri muka yi."

Ya ce, "Ban ce don sharri ba ne. Amma ni ma ai sai daga bakin maigadi na ji, ni da nake shugaba." Ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur ya yi ta murza goshi. "Ba na so dattijon nan ya tafi a haka. Ku da kuka ɗaura, ku kwance. In ya fita daga ƙofar nan da wannan a ransa, zaman Larabar ku ma ya mutu, na faɗa miki."

Na fito raina a ɓace. Da shi nake fushi, ko da wa, ban sani ba. Ƙarshen wata bai fi mako biyu da 'yan kwanaki ba.

Lahadi, shida na yamma

Na ƙona tukunya yau. Baban yara ya shigo kicin yana kore hayaƙi da hannu, ya ce, "To Malama, wannan wa zai shigo ya gyara miki a ɓoye?" Da wasa ya faɗa. Na ajiye masa ludayin na shige ɗaki. Ya biyo ni yana ba ni haƙuri, ni kuwa ba shi ya ɓata mini rai ba.

Litinin, goma da kwata na safe

Baba bai zo ba. An ce asibiti.

Talata, uku na yamma

Wani abu na lura da shi yau, ya tsaya mini a rai. Kowa yana goge allonsa kafin ya fita daga aji.

Da ba haka muke ba. Mukan bar aikinmu a allo da gangan, don mai shigowa ya ga inda aka kwana. Sau nawa Injiniya ya ɗora darasinsa a kan abin da na bari? Ƙofofi ma a buɗe muke koyarwa, duk wanda ba shi da darasi ya shigo ya zauna a bencin baya. Yau na bi baranda daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ƙofa a rufe, ƙofa a rufe, ƙofa a rufe.

Sabon malamin tarihi, wanda bai cika shekara da mu ba, ya tare ni a bakin famfo. Ya yi ta kame-kame kafin ya ce, "Anti, don Allah in tambaye ki. Ni ma ana shiga ajina ne in na fita?"

Na ce, "Haba, wa zai yi maka haka?"

Ya ce, "To ai shi ma Baba da haka zai ce."

Na wanke hannun da na riga na wanke.

Laraba, biyar saura na yamma

Mu huɗu muka zauna. Cikin waɗanda ba su zo ba, ɗaya ya ce yana da aikin gaggawa a gida, ɗaya ciwon kai, saura ko uzuri ba su bayar ba. Ba a ma haɗa teburan ba.

Anti Kamus ta ce tun farko ita ba ta so ba. Na ce, "Ba ki so ba? Wa yake cika flas tun daga gida don kada hira ta yanke?" Ta ce ni na kawo shawarar. Na ce ita ta ce bakinta ba zai iya ba. Injiniya ya tashi ya ce zai duba ko an kulle ɗakin gwaje-gwaje, bai dawo ba. Shekara da shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya da matar nan, yau ta ɗauki jakarta ta fita ko sallama babu.

Ni na kawo shawarar. Gaskiyarta ce. Amma don alheri ne.

Alhamis, bakwai na safe

Ban yi barcin kirki ba. Ba zan rubuta komai yau ba.

Asabar, biyar da rabi na yamma

Na je gidan Baba.

Mama, matarsa, ita ta buɗe mini. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar gidan Baba, sai yau?" Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Yana falo, a teburin cin abinci, ya baza tsofaffin takardun jarrabawa yana ta aiki da fensir. Mama ta raɗa mini cewa tun ranar nan haka yake wuni, ya yi, ya goge, ya sake.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya nuna mini kujera da fensirin.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun farkon zango, Baba."

"Yaran duk sun sani?"

"Sun sani."

"Malamai?"

Na sunkuyar da kai.

Ya daɗe yana juya fensirin. Sannan ya yi tambayar da ban shirya mata ba. "Hirar shayin ma?"

Na so in ce a'a. Na so in ce Anti tana jin daɗin hirarsa da gaske, kuma gaskiya ne, tana ji. Amma na ce, "Har da ita."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Na ce wa mamanku, zangon nan malaman nan sun ƙara sona. Ina shiga a ja mini kujera. Ashe jinya ake yi."

Na ce, "Baba, nauyinka muka ji."

Ya ce, "Nauyina kuka ji, ko fuskata kuka ji tsoron gani? Ni da na zaunar da ku shekara da shekaru ina cewa a faɗa wa mutum a gabansa. Da kin ɗaga hannu ranar Laraba kin ce, Baba, ka fara tsallake layi, me zan yi miki? Duka?" Ya ɗan yi murmushi, murmushin da ya fi faɗa zafi. "Kowa a teburin nan kun ɗauke shi mutum da zai iya jin gaskiya. Ni kaɗai kuka cire."

Da Mama ta rako ni bakin ƙofa ta faɗa mini abin da likita ya ce. Ba zan rubuta shi a nan ba. Abu ɗaya kawai: ta ce likitan ya tambaya ko babu wanda ya lura da wuri, don akwai abin da ake iya yi in an zo da wuri. Ta ce masa a gida ba su ga komai ba, a wurin aiki ma ba wanda ya ce komai.

A mota na tuna ban ma roƙe shi ya fasa ajiye aikin ba, abin da ya kai ni ke nan.

Lahadi, tara na safe

Wata uku. A'a, ba zan lissafa ba.

Litinin, sha biyu na rana

Na sami Anti Kamus a ɗakin karatu tana gyaran takardun yara. Na zauna kusa da ita na faɗa mata tambayar da ya yi a kan shayi. Ta cire gilashinta ta kifa kai a kan takardun. Na dafa kafaɗarta har aka kaɗa ƙararrawa. Da za ta tashi ta ce, "Kin san abin haushin? Hirar nan ita ce abin da na fi so a duk yinina."

Ban ce mata don alheri ba ne. Kalmar ta fara yi mini wari a baki.

Laraba, shida na yamma

Ya zo zaman.

Ban san wa ya baza labari ba, amma kafin a tashi kowa ya ji, ɗakin ya cika har da Shugaba a tsaye a bakin ƙofa. Baba da kansa ya kama gefen tebur ya ce wa Injiniya, "Kama can, ko shi ma sai na fita za ku haɗa?" Wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu a hanya.

Ya ce, "Ƙa'ida ita ce kowa ya faɗi abin da ya gagare shi. To ni zan fara. Allo ya fara gagara ta. Lamba takan gudu daga hannuna ban sani ba. Wannan shi ne nawa na wannan makon, kuma ashe na makonni da yawa." Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Saura ku."

Sai sabon malamin tarihi ya ɗaga hannu, ya ce 'yan aji biyu sun raina shi, in ya juya baya jifansa suke yi da takarda, kuma ya ji kunyar faɗa. Baba ya ce, "Madalla. Wa ya taɓa shan wannan?" Hannu ya tashi ta ko'ina. Na ɗan lokaci kaɗan ɗakin ya koma yadda yake a da, har Anti Kamus ta gyara wa Injiniya kalma.

Da za a tashi Shugaba ya ce, "Baba, maganar ƙarshen wata fa?"

Baba ya juyo gare ni. "Gobe ina da 'yan ajin ƙarshe. Malama za ta zauna a bencin baya. In na kauce, ta ɗaga hannu ta faɗa da ƙarfi, a gaban yara, ba da jan alli ba. In an nuna mini na gani, zan kai yaran nan jarrabawa, tana baya ina gaba. In an nuna mini ban gani ba, to na san inda nake." Ya ɗauki jakarsa. "Kin iya?"

Na ce, "Zan iya, Baba."

Alhamis, shida da rabi na safe

Allah ka sa kada ya yi kuskure. In zai yi, Allah ka sa ya gani.

Alhamis, huɗu na yamma

Ya shigo da farar rigarsa a goge. Ya faɗa wa yara abin da ya kawo ni, bai ɓoye komai ba. Ya ce, "Yau malamarku ɗaliba ce, kuma ɗalibar da ta fi kowa surutu a zamaninta." Suka yi dariya. Ya ɗauki alli.

Rabin darasin nan, ban taɓa ganin koyarwa irinta ba. Baba ne na da, yana tafe yana jefa tambaya, yana kiran na lungu da ke ɓuya. Ƙurar alli ta hau masa hannun riga. Har na saki jiki na fara cewa a raina mun yi gaggawa, gajiya ce kawai ta dame shi.

Sai ya zo misali na ƙarshe. A layi na uku ya sauko da bakwai ta zama ɗaya, ya ci gaba abinsa.

Na san yaran gaba sun gani, don bayansu ya sandare. Monita ta waiwayo ta kalle ni. Wallahi sai da zuciyata ta ce mini, bari kawai, kya gyara musu anjima. Har yau, bayan duk abin da ya faru, abin da ta ce mini ke nan.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Baba, layi na uku."

Ya ce, "Yawwa." Ya ja da baya ya dubi allon. Ya gyara gilashi. Ya matsa kusa, ya sa yatsa a farkon layin ya bi shi har ƙarshe. Ya koma na biyu, ya sauko na uku. Yatsansa ya bi ta kan lambar nan ya wuce.

Na ce, "Bakwai ɗin, Baba. Ta sama bakwai ce."

Ya dubi ta sama. Ya dubi ta ƙasa. Ya sake duban ta sama. Ya daɗe a tsaye.

Sannan ya juyo, ya miƙo allin ta saman kawunan yara. Ya ce, "Zo ki ƙarasa, 'yata."

Na taso. Shi kuma ya bi ta tsakanin bencina ya je ya zauna a inda na tashi, ya harɗe hannu a ƙirji. Na ƙarasa misalin ina ba ajin baya, don kada su ga fuskata. Da na ja layi a ƙarƙashin amsa, sai na ji muryarsa daga baya: "Ku tafa mata." Suka tafa, wasu suna share ido da gefen hannu.

A baranda na ce masa, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe tun ranar Asabar. Yau kin yi daidai." Ya kakkaɓe hannun rigarsa. "Da a farkon zango kika ɗaga hannun nan, ina jin da na gani."

Ya sauka matakala a hankali, yana riƙe da ƙarfe. Bai bi ta ɗakin malamai ba.

Litinin, takwas saura kwata na safe

An ba ni ajinsa.